Tudun Aburi ko Bakin Volta: Ina Ɗalibi Zai Kai Asabar Ɗinsa?

Ɗalibin da ke Jami'ar Ghana a Legon ko jami'ar UPSA, ko wanda ke bin trotro, wato ƙaramar bas ɗin haya, kullum daga Nima zuwa Accra Technical University, ba shi da ranar da za a ce tasa ce ɗungurungum. Litinin zuwa Juma'a lacca da aikin gida, Lahadi wanki da bitar karatu, in ba a ce akwai suna ko ɗaurin aure a zango ba. Abin da ke saura shi ne safiyar Asabar, wani lokaci har zuwa la'asar. A kan wannan 'yar tazarar ake gardama tsakanin masu son hawan dutse da masu son zaman bakin ruwa da ƙugiya, kowa na ganin nasa ne hutun gaske.

Ra'ayina tun farko: muddin ana cikin zangon karatu, dutse ya fi dacewa da ɗalibin Accra, fatsa kuwa a ajiye ta sai an yi hutu. Ba don hawa ya fi kamun kifi daɗi ba. Dalilin yana ga yadda garin yake a shimfiɗe, da yadda kowanne cikin biyun ke cin lokaci.

Hawan dutse abu ne mai farko da ƙarshe. Ka san inda za ka fara, ka san inda za ka juyo, kana iya cewa abokin karatunka ku haɗu a laburare ƙarfe goma sha ɗaya kuma ka cika alkawari. Fatsa ba ta san agogo ba. Kifi ya fi cin koto da sanyin safiya da kuma gab da faɗuwar rana, tsakanin nan sai zaman jira. Wanda ya zauna awa uku bai kama komai ba zai ce bari ya ƙara rabin awa, wanda ya kama biyu zai ce yanzu ma suka fara ci. Duk su biyun dare ne zai maido su gida.

Ga ɗan Madina, hanyar dutse a bakin ƙofa take. Daga tashar Madina ka hau trotro mai zuwa Aburi ko Mampong, ku wuce Adenta da mahaɗar Oyarifa, ka sauka a Ayi Mensah, daidai inda fili ya ƙare tudun Akuapem ya miƙe. Daga nan titi ke hawa yana lanƙwasa har Peduase. A Accra rana na fitowa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara, saboda haka wanda ya yi sallar asuba ya fito, zai fara hawa gari na wayewa. Ranar Asabar ba za ka rasa abokan tafiya ba. Akwai 'yan ƙungiyoyin motsa jiki da riguna iri ɗaya, akwai 'yan dambe masu gudu suna naushin iska, akwai dattawan da likita ya ce su rage tumbi, suna tafe da tawul a wuya da gorar ruwa a hannu. Gefe ɗaya bangon dutse ne da aka lulluɓe wasu wuraren da ragar ƙarfe saboda duwatsun da ke gangarowa da damina, ɗaya gefen kuwa kwari ne, da Accra a shimfiɗe ƙasa, rufin kwano iya ganinka. Mai matsakaicin ƙarfi yakan kai sama cikin awa ɗaya da wani abu. A can za ka tarar da masu kwakwa da adda a hannu: sara uku an fille kan, ka sha ruwan, ka miƙa a tsaga maka, a yanko ɗan ɓawon a ba ka ka kankare naman da shi. Ƙarfe tara kana iya kasancewa a Madina gaban mai waakye.

A Peduase ɗin nan ne gidan saukar shugaban ƙasa yake, wanda aka gina zamanin Nkrumah. Nan Janar Ankrah, shugaban mulkin sojan Ghana na lokacin, ya tara Gowon da Ojukwu a watan Janairun 1967 don a sasanta rikicin Najeriya, zaman da aka fi sani da yarjejeniyar Aburi, wadda ba ta hana yaƙin basasa ɓarkewa a shekarar ba. Ba a shiga, amma ka wuce ta gabansa. In da sauran ƙarfi a ƙafa, ko ka tari mota, sai ka ƙarasa garin Aburi ta Kitase, ka shiga lambun da aka buɗe tun 1890. Layin dogayen bishiyoyin da ke tarbar mai shiga, da tsohon rimin da ke tsakiyar fili, da sanyin iskar tudun, sun isa a biya kuɗin ƙofa. Wuri ne da za ka iya shimfiɗa darduma ka buɗe littafi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda jarrabawa ke tafe.

Hanyar tana da aibunta, kar a ɓoye. Titin mota ne, ba dajin Allah ba. Hayaƙin trotro zai shiga hancinka, kuma akwai direbobin da ke gangarowa kamar birki haramun ne, don haka a tsaya can gefe, a bar toshe kunnuwa biyu da waƙa. Masu lasifika kuma ba sa raga wa kowa. Wanda ya fito neman shiru ba zai same shi ranar Asabar a nan ba, sai dai ya zo tsakiyar mako in ba shi da lacca da safe. Sannan gangarowa ta fi hawa cin gwiwa, abin da sabon shiga ba ya yarda da shi sai washegari in ya zo yin ruku'u. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo kan rufe garin har ka kai sama ba ka ga komai ba sai fari fat.

Mai son daji na gaske sai ya nufi Shai Hills, ta hanyar Dodowa zuwa Doryumu. Gandun ya kai murabba'in kilomita 51, filin ciyawa ne da duwatsu suka tsattsaya a cikinsa. Tun daga bakin ƙofa gwaggon biri ke tarbar baƙi, kuma ba su da kunya ko kaɗan: leda in ta yi ƙara a hannunka, sun san abinci ne. A ciki akwai barewa, akwai kogon jemagu wanda warinsa ke riga ganinsa isowa, akwai wuraren da sai an kama dutse da hannu ko igiya kafin a hau. A kan waɗannan duwatsu mutanen Shai suka zauna har 1892, shekarar da Turawan mulkin mallaka suka kore su zuwa fili, kuma har yau ana ganin ragowar tukwane da wuraren zamansu. Ba a yawo a ciki sai da jami'in gandun daji, ana biyan kuɗin shiga da na rakiya, don haka tafiyar rukuni ce, mutum biyar ko goma a raba nauyin. A tafi da katin makaranta, kuɗin ɗalibi daban yake. Inuwa ba ta da yawa a can, duk wanda ya bari ƙarfe goma ta yi bai fara ba zai sha rana. Wannan tafiya tana cin yini kusan guda, sau ɗaya a zangon karatu ta isa.

Dutsen Krobo da ke gaba kusa da mahaɗar Akuse ya fi tsauri, shi ma a 1892 aka sauko da mazaunansa. Dutsen Afadjato a yankin Volta yake, can wajen Hohoe, wannan kam sai da kwana ko motar haya ta ƙungiya, irin wadda reshen GMSA, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Ghana, na makaranta zai iya shiryawa bayan jarrabawa.

To, mu gangara ruwa, inda lissafin ke canzawa. Accra gari ne na bakin teku, amma ruwan daɗin da ke ratsa cikinsa ya mutu. Duk wanda ya tashi a Nima ko Mamobi ya san babbar gotar da ta raba unguwannin, ya san abin da ake zubawa a ciki. Ita da ire-irenta ke malala cikin kogin Odaw, Odaw ta zube a tafkin Korle. Ko ka ga yara na kama tarwaɗa a irin wannan ruwa bayan an ɗauke ruwan sama, ba abin kaiwa tukunya ba ne. Saboda haka mai son fatsa dole ya bar gari, kuma ƙofa biyu gare shi.

Ta farko Densu ce a yamma. Kogin ya taso daga tsaunukan Atewa, ya bi ta Nsawam, aka tare shi a Weija inda ake tace ruwan da yammacin Accra ke sha, sannan ya ƙarasa teku ta wajen Tetegu da Bortianor. A taswira kusa ne. A trotro kuwa, ɗan Madina sai ya ratsa Lapaz da Mallam, ya shiga cunkoson hanyar Kasoa, wanda ranar Asabar ma ba ya hutu saboda masu zuwa jana'iza da biki. Kewayen madatsar kanta wuri ne da ake tsaro, ba a zuwa a zauna haka kawai. Ƙasa da ita kuma, duk lokacin da ruwa ya cika aka buɗe ƙofofi, unguwannin bakin kogin kan yi ambaliya, kuma wurin da ka zauna makon jiya ya koma tsakiyar ruwa. Ga wanda ke zaune a Kasoa ko Sabon Zango, Densu na iya yiwuwa. Ga ɗan Legon wahalar ta fi kifin.

Ta biyu ita ce Volta, kuma nan ne ainihin abin yake. Daga Madina akwai motocin Kpong da Akosombo, tafiyar kamar awa biyu in hanya ta yi kyau. Tsakanin madatsar Akosombo da aka gama a 1965 da ta Kpong da ta biyo baya a 1982, kogin yana da faɗi, ruwan garau, duwatsu kore shar a kewaye. Daga Kpong ɗin ma ake turo ruwan famfon da Madina da Adenta ke sha. A Atimpoku, gindin gadar Adomi, mata ke rufe kowace mota da farantan abolo da jatan lande da 'yan mitsi-mitsin kifin nan soyayye. Akwai karfasa a ruwan, akwai tarwaɗa da kurungu, mai babban rabo ya haɗu da giwan ruwa. Can ƙasa kuma akwai Sogakope, da Ada Foah inda kogin ya haɗu da teku, kimanin kilomita 100 daga Accra.

Sai dai yi lissafi. Ka bar Madina bayan asuba, ka jira mota ta cika, ka isa bakin ruwa wajen takwas ko tara, lokacin da cin safe ya wuce. Ko dai ka zauna cikin rana har la'asar sakaliya ka jira cin yamma, ka dawo Accra da dare a gajiye, ko ka kwana can. Duk wanda ka zaɓa, Asabar ta tafi gaba ɗaya, ta ɗan ciji Lahadi. Ɗalibin da ke da gwaji ranar Litinin ya san abin da wannan ke nufi.

Kayan aiki ba su ne matsala ba. Ba sai ka sayi sandar Turawa mai ƙugiyar naɗi ba. Igiyar roba, ƙugiya ƙanana da matsakaita, 'yar darma, guntun soson silifa a matsayin abin da zai yi iyo a sama, da sandar gora ko ma gwangwanin da za a naɗe igiyar a jiki, shi ke nan. Koto kuwa tana ce, a haƙa a wuri mai damshi a zuba a gwangwanin madara da 'yar ƙasa, ko a cuɗa ƙullin masara ko burodi don karfasa. Tarwaɗa ta fi son abu mai ƙarni, kamar hanjin kaza. Ana soka tanar ne ta bi tsawon ƙugiyar har ta rufe bakin, a bar ɗan wutsiya yana motsi. In soson ya fara rawa, kar ka ja, ƙananan ne ke tsattsaga. Sai ya nutse ya yi gefe, sannan ka fizga da wuyan hannu, ba da kafaɗa ba. In kurungu ne ya fito, a kula da ƙayoyinsa uku, na baya da na gefe biyu, don yakan ƙame su, kuma sukarsu na da raɗaɗi. Wannan daƙiƙar da soso ke nutsewa ita ce abin da masu fatsa ke bi, kuma gaskiya hawan dutse ba shi da irinta.

Abin da ya fi kayan muhimmanci shi ne mutum. Da ɗan gari akan ci gari. Bakin kogi ba fili ne marar mai shi ba: akwai masunta da suka kafa tarunsu da malinsu, akwai kejin masu kiwon karfasa da ba a son baƙo ya matsa kusa, akwai wuraren da al'adar garin ta hana. Mafi sauƙi ka nemi zangon garin, Kpong da Atimpoku da Akuse duk akwai namu, ka gai da dattijon da ka tarar a ƙofar masallaci, ka ce, "Baba, ɗalibai ne mu daga Madina, muna son wanda zai nuna mana inda za mu jefa ƙugiya." Da wuya a rasa yaron da za a haɗa ku da shi. In abokin ajinka ɗan yankin ne, to ka huta.

Haɗarin ɓangarorin biyu ma ba ɗaya ba ne. A dutse abin tsoro targaɗe ne, ko ƙishirwa, ko mota a hanyar Peduase, ko maciji a ciyawar Shai in ka bar sawun jagora. A ruwa abu biyu ne, kuma duka masu nauyi. Na farko nutsewa. Yawancinmu 'yan zango ba mu iya iyo ba, mu faɗa wa kanmu gaskiya, kuma ƙarfin ruwan da ke ƙasa da madatsa yana canzawa gwargwadon abin da aka saki. Kowa ya tuna 2023, lokacin da aka buɗe Akosombo da Kpong ruwa ya shanye Mepe da garuruwan kewaye. Kar ka hau kwalekwale ba rigar hana nutsewa, komai kwarjinin mai tuƙin. Na biyu tsargiya. Tun da aka tare Volta ruwa ya kwanta, ciyawar ruwa ta yawaita, dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar ya samu gida, cutar ta yaɗu a ƙauyukan bakin ruwa. Ba sai ka sha ba, tsayuwa cikin ruwan kawai ta isa ƙwayar ta huda fata. Makonni bayan nan sai zazzaɓi, daga baya jini a fitsari. Akwai magani, praziquantel, a asibiti ake samu bayan gwaji, amma gara ka tsaya a kan gaɓa ko dutse, ka taho da ruwan alwalarka a gora daga gida.

Kuɗi kuwa, Ayi Mensah ba ta cin komai sai kuɗin trotro da na kwakwa. Takalmin da kake zuwa ƙwallo da shi ya isa, in dai ƙasansa bai shafe ba. Volta na cin kuɗin mota mai nisa zuwa da dawowa, da abinci, da ɗan abin da za ka ba wanda ya raka ka, da ƙanƙara in ka yi sa'ar kamu. Wanda ke tunanin zai rage kuɗin cefane da fatsa ya sake tunani. Kifin da zai kawo, in ya kawo, da kuɗin motar ya saye shi a kasuwar Madina har da canji.

Duk da haka akwai wanda zan ce masa ya bi ruwa ko ana tsakiyar karatu. Shi ne ɗalibin da gajiyarsa ba ta jiki ba ce, ta hayaniya ce: ɗaki mutum huɗu, aji mutum ɗari, gida in ya koma zango ga ƙanne ga rediyon maƙwabta. Irin wannan in ka kai shi Peduase ranar Asabar ka ƙara masa ciwon kai. Awa huɗu a gindin bishiya a bakin Volta, waya a aljihu, ba mai kiran sunansa, za su yi masa abin da wata guda na motsa jiki ba zai yi ba. Haka ma mai ciwon gwiwa ko asma, ko mai nauyin jikin da hawa zai wahalar. Sai dai ya zaɓi makon da ba gwaji, ya tafi da mutum ɗaya aƙalla.

'Yan'uwa mata kuma, nasu lissafin ya fi karkata ga dutse. Hanyar Peduase cike take da jama'a, ana ganin masu hijabi da dogon wando da riga mai faɗi suna hawa rukuni-rukuni ba mai kallonsu, kuma kafin hantsi sun dawo, abin da ke sauƙaƙa neman izini wajen Hajiya. Bakin kogi wuri ne keɓantacce, ga nisa, ga dawowar dare. In za a je, a je da yawa, da 'yan'uwa maza da aka sani.

Lokacin shekara ma yana da ta cewa. Daga Afrilu zuwa Yuni, da kuma ɗan ruwan Satumba da Oktoba, duwatsun Shai da Krobo kan yi santsi, koguna kan cika su yi ja, titin Peduase ne kaɗai ba ruwansa in dai ba ana tsuga ruwan a lokacin ba. Agusta da sanyinta ita ce mafi daɗin hawa. Da azumi kuwa abin juyawa yake: hawan tudu da ƙishirwa ba dabara ba ce, amma zaman inuwa a bakin ruwa daga la'asar zuwa gab da magariba yana tafiyar da yini, in akwai inda za a sha ruwa a kwana.

Tsakiyar mako fa? Ɗan Legon yana da tudu a cikin makarantarsa. Daga babbar ƙofa ka miƙe titin tsakiya, ka wuce laburaren Balme, ka hau matakalan Commonwealth, gidan kwanan ɗalibai, har hasumiyar da ke saman tudun, ka gangaro ta baya. Minti arba'in ne tsakanin la'asar da magariba, ba kuɗin mota. Wanda ya riƙe wannan sau biyu ko uku a mako zai ga bambanci ranar da ya tsaya a Ayi Mensah, kuma shi ne zai iya bin sawun jagora a Krobo ba tare da an jira shi a kowace kwana ba. Tafiyar Volta kuma a sa ta a makon farko na dogon hutu, a fita ranar Laraba ko Alhamis da azahar lokacin da hanya ba cunkoso, a kama cin yamma, a kwana a zangon Kpong ko Atimpoku, a koma bakin ruwa bayan asuba, a kamo motar Madina kafin rana ta take.